Ƙagaggen labari da rubutun bayani: yadda malami zai raba musu wuri a aji

Wannan gardama ba ta ƙarewa a ɗakin malamai. Wani ya ce da lokacin da ake kashewa kan ƙagaggun labarai an ba yara kimiyya da tarihi, da sun fi tsinana abin kirki. Wani ya ce yaron da labari bai taɓa hana shi barci ba, ba zai so karatu ba ko da ka cika masa jaka da littattafai. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, sai dai tambayar "wanne ya fi" ba ta amfanar malamin da aka kaɗa wa ƙararrawa ya shiga aji da minti 40 a hannunsa. Abin da yake bukatar sani shi ne nawa zai ba kowanne, da wanne zai fara, da irin tambayar da ta dace da kowane shafi. Karatun labari daban, karatun bayani daban, kuma gwanintar yaro a ɗaya ba ta tsallakawa da kanta zuwa ɗayan.

A nan, ƙagaggen labari ya haɗa da gajeren labari, da dogon littafi, da wasan kwaikwayo. Rubutun bayani kuwa shi ne duk wanda marubucinsa ya ɗauki alkawarin cewa abin da ya faɗa haka yake ko haka ya faru: littafin kimiyya, tarihin rayuwar wani, rahoton jarida, takardar da ke cikin kwalin magani. Matakan da ke tafe sun dace da ajin firamare na uku har zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare.

Abin da kowanne ke ba yaro

Rubutun bayani sani yake ginawa, kuma sani shi ne rabin fahimtar karatu. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba ɗalibai 64 na ƙaramar sakandare rubutu a kan wasan besbol, suka ce su nuna abin da ya faru da 'yan mutum-mutumi a kan ƙaramin fili. Masu raunin karatu da suka san wasan sun kayar da gwanayen karatu da ba su san shi ba. Wato yaron da ka ga ya kasa amsa tambayoyin auna fahimta a kan aman wuta na dutse, mai yiwuwa bakinsa da idonsa lafiya lau, duniyar da ake magana a kanta ce bai taɓa leƙawa ba. Jeanne Chall ta jami'ar Harvard ta daɗe da nuna cewa wajen aji huɗu ne yara da yawa ke fara sulalewa, lokacin da aka tashi daga koyon karatu aka koma karatu don koyo, littattafai suka cika da kalmomin da ba a ji a hirar yau da kullum.

Labari kuma juriya yake koyarwa, da karanta abin da ba a rubuta ba. Mai bin littafi mai shafi 100 dole ya riƙe sunayen mutum shida a ka, ya tuna alkawarin da aka yi a babi na biyu lokacin da aka karya shi a babi na tara, ya gane fushi daga yadda aka ajiye ƙofa. John Jerrim da Gemma Moss sun duba sakamakon PISA, jarrabawar ƙasa da ƙasa da ake yi wa 'yan makaranta, ta 2009, na matasa sama da 250,000 a ƙasashe 35, suka ga masu yawan karanta ƙagaggun labarai sun fi maki a karatu, alhali yawan karanta jarida ko mujalla bai zo da irin wannan fifiko ba. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar da wanne ya haifi wanne ba, domin gwanin karatu shi ne dama zai fi ɗaukar dogon littafi. Haka kuma nazarin da Raymond Mar da abokan aikinsa suka fitar a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi da mutum fiye da 33,000, ya nuna an fi fahimtar labari, an kuma fi tuna shi, a kan rubutun bayani.

Akwai wata magana da masoya adabi ke yawan kafa hujja da ita, cewa labari yana sa yaro tausayi. A yi hattara da ita. Wani gwaji da aka buga a mujallar Science a 2013 ya nuna kamar karanta ɗan yankin adabi yana ƙara wa mutum iya gane abin da ke zuciyar wani nan take, amma da wasu suka sake gwajin a 2016 ba su samu haka ba. Darajar labari ba ta dogara da wannan ba, don haka kada ka tsaya gaban iyaye ko shugaban makaranta ka yi alkawarin da shafi goma ba za su cika ba.

Mataki na farko: ƙidaya kafin gyara

Ba a raba abin da ba a san yawansa ba. Ɗauki mako guda, ka zana takarda mai gida uku: labari, bayani, da "babu ko ɗaya". Duk darasin da ajin ya yi, har da na kimiyya da zamantakewa, a rubuta minti nawa yara suka yi idonsu na kan rubutu mai jimloli a jere, ko kunnensu na sauraron ana karanta shi. Kwafar rubutu daga allo ba ta shiga lissafi, cike gurbi ma haka. Idan kai malamin harshe ne a sakandare, roƙi malamai biyu ko uku su cike maka nasu.

Sakamakon yakan ba da mamaki. Lokacin da Nell Duke ta yi irin wannan ƙidaya a azuzuwa 20 na aji ɗaya a yankin Boston, binciken da ta buga a 2000, ta tarar da matsakaicin lokacin da ake ba rubutun bayani minti 3.6 ne kacal a rana. A azuzuwa da yawa kuma gida na uku ne ke cinye takardar: ana gardama kan labari da bayani, alhali ko ɗaya ba a karantawa sosai. Idan haka ka samu, maganarka ta farko ƙara jimillar mintocin ce, rabo ya biyo baya.

Mataki na biyu: yanke rabo

Alƙaluman da aka fi ambato sun fito ne daga ma'aunin Common Core na Amurka na 2010: rabi da rabi a aji huɗu, kashi 55 cikin 100 na bayani a aji takwas, kashi 70 a aji sha biyu, wato ajin ƙarshe na sakandare. Jarrabawar PIRLS ta ƙasa da ƙasa, wadda ake yi wa 'yan aji huɗu duk shekara biyar tun 2001, ita ma rabi da rabi take rabawa.

Kuskuren da aka tafka da wannan kashi 70 ya isa darasi. Lissafin na dukkan karatun da ɗalibi ke yi ne a wuni, a duk darussa, amma makarantu da dama suka ɗora shi a kan darasin harshe kaɗai, malamai suka kwashe littattafan adabi suka cika aji da guntayen rahotanni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Rabon da ya fi aiki shi ne kamar haka. A firamare, inda malami ɗaya ke riƙe da aji, yi rabi da rabi a cikin zango, ba lallai a kowane mako ba. A ƙaramar sakandare malamin harshe ya riƙe kusan kashi biyu cikin uku na lokacinsa ga adabi, domin idan bai koyar da shi ba babu mai koyarwa, da sharaɗin malaman tarihi da kimiyya suna sa yara karanta aƙalla shafi guda na gaske a kowane mako. Idan ƙidayarka ta nuna ba sa yi, sauko zuwa rabi har a gyara. Kuma ko yaya rabon ya kasance, a kammala dogon littafi guda daga bango zuwa bango a kowane zango. Guntaye ba sa koyar da juriya, taɓa ka lashe ne kawai.

Mataki na uku: zaɓen rubutu

Fara da nauyin kalmomi. Ƙirga kalma 100 a tsakiyar rubutun, ka ba matsakaicin ɗalibi, ba gwanin aji ba, ya ja layi ƙarƙashin duk wadda bai sani ba. Binciken Marcella Hu da Paul Nation na 2000 a kan masu koyon harshe na biyu ya nuna mai karatu shi kaɗai yana bukatar sanin kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimta yadda ya kamata. Don haka layi biyu ko ƙasa da haka, a ba shi ya tafi da shi gida. Uku zuwa biyar, a karanta tare a aji. Abin da ya haura biyar, kai za ka karanta musu da baki, ko ka sake rubuta shi da sauƙi, ko ka ajiye sai baɗi.

A rubutun bayani duba abu uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma yana bayyana dalili ko jera abubuwa kawai yake yi. Shafin da ya ce "ƙudan zuma iri uku ne a amya" ya tsaya nan, na hadda ne. Wanda ya faɗi abin da kowane iri ke yi da abin da zai faru idan babu shi, shi ne na tunani. A labari kuwa nemi wurin da tauraro ya tsaya tsakanin zaɓi biyu kuma kowanne yana da tsada. Labarin da mugu mugu ne tun layin farko, nagari kuma bai taɓa kuskure ba, minti biyar ya ishe shi, ba abin da za a tattauna.

Mataki na huɗu: haɗa su a kan batu guda

Nan ne ribar take. Maimakon labarin teku yau, bayanin taurari gobe, zaɓi batu ɗaya ka zauna a kansa mako uku, wato darasi 15 idan kana da biyar a mako. Kana bukatar labari guda da rubutun bayani uku, kowanne kalma 300 zuwa 500, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Amfanin haka shi ne kalmomin batun suna ta dawowa, rubutu na farko ya share wa na biyu hanya, har na uku da ya fi ƙarfin yara a makon farko ya zama abin da za su iya.

Mu ɗauki ƙudan zuma. Labarin na wata yarinya ce da kakanta mai kiwon zuma ya kwanta ciwo a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, furanni suka ƙi. Idan ta kwashe zumar duka za a sayi magani, amma tsohon ya sha gaya mata cewa mai kwashe duka ya kashe amyarsa. Darasi biyu na farko a karanta labarin har zuwa inda ta tsaya gaban amya, a rufe littafi. Yara za su yi ƙorafi, kuma ƙorafin ake so. Darasi huɗu masu biye a yi bayani na ɗaya da na biyu: rayuwar ƙudan zuma, da dalilin da suke tara zuma, wato abincinsu ne na lokacin da babu fure. Sannan a koma labarin darasi uku. Yanzu yaro ya san abin da gargaɗin tsohon ke nufi, nauyin zaɓin yarinyar ya sauka a kansa da gaske. Darasi biyu na bayani na uku, mai jadawali ko zane, misali illar magungunan ƙwari ga ƙudan zuma. Darasi ɗaya na kwatantawa, uku na rubutu.

Ba kullum ake fara da labari ba. Karanta shafinsa na farko ka ƙirga abubuwan da marubucin ya ɗauka mai karatu ya riga ya sani. Idan sun wuce uku, kamar labarin da ke faruwa a cikin jirgin ruwa lokacin yaƙi, fara da bayani, in ba haka ba za ka yi ta tsayawa kana fassara har daɗin ya tsere.

Yadda ake koyar da shafin labari

Karatun farko na jin daɗi ne. Karanta da murya, kada ka tsaya fiye da sau biyu a shafi, kalma mai wuya ka faɗi ma'anarta a numfashi ɗaya ka wuce. A karatu na biyu ake aiki. Ga layi biyu daga labarin namu:

"Ta ɗaga murfin amya, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da shi a hankali. Da daddare da kakanta ya tambaye ta, sai ta ce ba ta samu zuwa ba."

Tambayar "me ta ɗaga?" ba ta auna komai sai ido. Tambayi me ya sa ta ɓoye masa ta je. Wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai tsoron harbi take ji, kunya ta hana ta faɗa." Kada ka ce daidai, kada ka ce kuskure. Ka ce, "To, nuna mana kalmar da ta ba ka haka." Zai duba ya rasa, wata kuma ta ce, "Malam, mai jin tsoro ba ya daɗewa yana kallo, kuma ba a hankali zai rufe ba." Wannan musayar ta rabin minti ita ce darasin adabi. Doka ɗaya ce ke tsare ta: ra'ayi a buɗe yake ga kowa, amma sai da layin da ya goyi bayansa.

Abubuwa uku ke kashe darasin labari. Na ɗaya, mayar da shi ma'ajiyar amsoshi, a yi ta tambayar sunan gari da launin riga. Na biyu, gaggawar "wane darasi muka koya?" Da zarar yara sun gane kowane labari da wa'azi yake ƙarewa, sai su haddace amsa guda, haƙuri ko gaskiya ko biyayya, su riƙa miƙo ta ba tare da sun karanta ba. Jigo a bar shi sai an gama littafin, kuma a neme shi cikin cikakkiyar jimla da za a iya musu a kanta. Na uku, karatun layi-layi inda kowa ke jiran nasa sakin layi: mai jira ƙirga layuka yake yi don ya gano inda zai faɗo, wanda ya gama kuma ya tafi hutu. Gara su karanta bibbiyu, ko kowa a zuci, sannan a tattauna.

Yadda ake koyar da shafin bayani

Shi ba a fara shi daga layin farko. A ba yara minti uku su zagaya shafin: kan magana, ƙananan kanu, hoto da rubutun ƙarƙashinsa, jadawali. Kowa ya rubuta tambaya ɗaya da yake zaton shafin zai amsa. Sai ka koyar da kalmomi, amma kada su wuce biyar, kuma ka haɗa iri biyu: na batun kansa, kamar amya da tsutsa da kaki, da waɗanda za su sake haɗuwa da su a kowane fanni, kamar mataki, sakamako, kimanin. Malamai sukan manta da kashi na biyu, alhali su ne suka fi kayar da yara a jarrabawa.

Babban aikin shi ne gane ƙirar rubutun. Bonnie Meyer ta nuna cewa yawancin rubutun bayani a kan ƙira biyar yake tafiya: siffantawa, jerin matakai, dalili da sakamako, matsala da mafita, da kwatanci. Kowace ƙira tana da kalmomin da ke tona ta. "Da farko, bayan nan, daga bisani" jeri ne. "Saboda, shi ya sa, sakamakon haka" dalili ne. "Amma, saɓanin haka, haka ma" kwatanci ne. Koyar da ƙira ɗaya a lokaci guda, a yi mako biyu a kanta kafin a ƙara wata. Duba wannan:

"A amya mai lafiya sarauniya ce ke yin ƙwai. Bayan kwana 3 ƙwan yakan ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Ma'aikata su ciyar da ita kimanin kwana 6, sannan su rufe ɗakinta da kaki. A rana ta 21 sabuwar ma'aikaciya takan huda murfin ta fito."

A sa yara su zana layi, su sa alama a rana ta 3, ta 9, da ta 21. Sai ka tambaya: kwana nawa take yi a rufe? Ba a rubuta 12 a ko'ina ba, dole a haɗa a cire. Wanda ya ce 21 lambar ƙarshe ya cafke, wanda ya ce 15 ya manta da kwanakin ƙwai, kuma kowane kuskure ya nuna maka inda za ka gyara. Daga nan a rufe littafi, kowa ya bayyana wa na kusa da shi matakan daga zanensa kaɗai. Taƙaitawa da littafi a buɗe kwafa ce ake yi.

Dabarar nan ta gida uku da Donna Ogle ta fito da ita a 1986, abin da na sani, abin da nake son sani, abin da na koya, tana da amfani, amma tana da tarko. Yaro zai ce ƙudan zuma sarki gare su, a rubuta a allo ƙarƙashin "na sani", ya zauna nan mako guda kowa na kallo har ya kama. Canza sunan gidan zuwa "abin da muke zato", kuma a ƙarshe a dawo a bi su ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar ko a soke.

Kan iyaka, inda aka fi yin tuntuɓe

Kama da wane ba wane ba ce. Labarin da aka gina a kan tarihi yana saka mutanen gaske da maganganun ƙirƙira a tukunya ɗaya, yara kuma ba sa tacewa. Gwaje-gwajen Elizabeth Marsh da abokan aikinta sun nuna mutane suna ɗaukar bayanan kuskure daga cikin ƙagaggen labari, su kawo su a matsayin amsa daga baya, wasu ma su ɗauka tun da can sun san su. Gargaɗi na gaba ɗaya, irin "ku sani fa labari ne", bai cika hana hakan ba. Abin da ke aiki shi ne a sa yatsa a kan wurin. Darasin kwatantawa na mako na uku don wannan aka ware shi: a ciro jimloli takwas zuwa goma daga labarin, yara su raba su gida uku, wanda bayani ya tabbatar, wanda ya ƙaryata, da wanda ba a iya bincikawa domin zuciyar tauraro ce. Idan labarin ya ce ƙudan zuma ɗaya ya harbi yarinyar sau uku, su nemo a bayani cewa ƙarin da ma'aikaciya ke harbi da shi yana da 'yan ƙayoyi, yakan maƙale a fatar mutum, ita kuma ta mutu.

Ta ɗaya gefen, kada yara su tashi da tunanin duk abin da ba labari ba gaskiya ne. Talla rubutun bayani take kwaikwaya, farfaganda ma haka. A wani bincike da ƙungiyar Sam Wineburg ta jami'ar Stanford ta fitar a 2016, sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare da aka gwada sun ɗauki tallar da aka yi wa shigar labarai a shafin intanet a matsayin rahoto na gaske. Daga aji shida zuwa sama, kowane rubutun bayani a yi masa tambaya uku kafin a yarda da shi: wa ke magana, me zai samu idan na yarda, wa kuma ya faɗi haka ban da shi. Hanya mafi sauƙi ta koyar da wannan ita ce kawo rubutu biyu da suka saɓa a kan abu ɗaya.

Rubutu da gwaji

Abin da aka karanta aka bar shi ba a rubuta komai a kansa ba, da wuya ya kwana biyu. A darussa uku na ƙarshe kowane yaro ya yi rubutu biyu gajeru. Ɗaya bayani ne na sakin layi biyu da ƙirar da aka koya, misali dalilin da mai kiwon zuma ba ya kwashe duka, da kalmomin dalili aƙalla uku. Ɗayan fage ne na labari, rabin shafi, daga bakin kakan yana kwance yana jin takun jikarsa ta dawo, kuma dole ya ƙunshi gaskiya biyu daga bayanan da aka karanta ba tare da ya koma lacca ba. Na biyun ya fi wuya, kuma a nan ake gane wanda ya fahimci duka biyun.

A gwajin ƙarshen zango kawo rubutu biyu da ba su taɓa gani ba, labari da bayani, tsawonsu ɗaya, maki goma-goma, bayanin kuma ya kasance kusa da batun da aka yi, kamar tururuwa ko gara bayan an yi ƙudan zuma. Rubuta makin biyu daban, kada ka haɗa su, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke gaya maka abin yi. Mai 8 a labari da 4 a bayani, ƙira da kalmomin fanni yake bukata: ba shi gajerun bayanai uku a kan batu ɗaya ya zana kowanne. Mai 8 a bayani da 4 a labari yawanci a wakilin suna yake ɓacewa, bai san wa "ta" ko "shi" ke nufi ba idan mutane sun yi yawa, ko kuma abin da aka rubuta ƙarara kawai yake ɗauka: zauna da shi a kan shafin hira, ya rubuta sunan mai magana a gefen kowane layi. Wanda ya faɗi duka biyun, ajiye maganar labari da bayani tukuna, ka saurare shi yana karatu da baki na minti ɗaya kana ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Idan yana tsayawa yana haɗa gaɓoɓi, ƙarfinsa duka a nan yake ƙarewa, kuma abin da yake bukata shi ne minti goma a kullum na maimaita gajeren rubutu mai sauƙi, sau uku ko huɗu, har ya riƙa fita ba gargada.